Firifozishin Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

A cikin duk kayan da Turanci ya sauke mana, ba dogayen kalmomi ne suka fi ba ɗan makaranta wahala ba. Yaron sakandare a Kanya Babba zai rubuta maka “photosynthesis” bai ɓata harafi ko ɗaya ba, ya ɗora maka “constitution” gyara, sannan ya zo ya kife a kan kalma mai harafi biyu. “In”, “on”, “at”, “of”, “to”, “by”: 'yan mitsi-mitsin da sunansu ma ya fi su tsawo, sunan da bakinmu ya lanƙwasa ya mai da shi firifozishin, wato dangin abin da malaman zaure ke kira harafin jarra a nahawun Larabci. Magana ɗaya nake da ita a kansu. Ba a koyon su ɗai-ɗai, ba a kuma koyon su ta nemo wa kowanne takwaransa na Hausa. Tare da kalmar da yake bi ake koyon kowanne. Katoɓarar da muke yi, wadda muke raba dare muna yi wa juna dariya a kanta a majalisa, ba daga toshewar basira ta fito ba. Daga allon aji ta fito, da alli aka rubuta mana ita, muka kwafa da kyakkyawan rubutu.

Kowa ya san yadda darasin yake tafiya. Malam ya ja layi a tsakiyar allo, Turanci a hagu, Hausa a dama: “in” cikin, “on” kan, “under” ƙarƙashin, “with” da, “from” daga. Ya zana ƙwallo a kan tebur, ya zana ta a ƙarƙashinsa, ya jefa ta cikin kwali. Aji ya amsa da murya ɗaya, a yi gwaji kowa ya ci goma bisa goma, a tashi ana murna. Abin da ba a gaya wa yaro ba shi ne duniya ba ƙwallo da tebur ba ce. Yana fita da wannan ilimi sai ya tarar Bature na cewa shi “in the car” yake, amma in bas ya shiga sai ya ce “on the bus”. Bisa abin da aka rubuta a allo, wannan bawan Allah a ƙaramar mota ciki yake zaune lafiya lau, da ya zo babba sai ya ɗare rufinta. A wajenmu kuwa wannan ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda ya taɓa tsayawa ranar kasuwa a bakin hanyar da ta taso daga Kunya ta ratsa Kanya ta nufi Babura ya ga mutane a saman buhunan gero, ƙafafu na reto, hula a hannu kada iska ta ɗauke. Yaron da ya fahimci “on the bus” da hawa saman mota bai yi wauta ba, abin da aka koya masa ya haɗa da abin da idonsa ya gani. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne mutumin da ke zaune a kujera, rufi a samansa, taga a gefensa, ya kuma dage cewa a kai yake. In ya shiga jirgin sama ma bai fasa ba, “on the plane” zai ce, kuma babu wanda zai tsaya yi masa addu'a.

Daga nan abin sai gaba. Gidan da ya kama da wuta “on fire” yake, gwamnan da ake nunawa a talabijin “on television” yake, ma'aikacin da ya tafi hutu “on leave” yake, kuma duk cikinsu babu wanda ya hau komai. Wani lokaci Hausa da Turanci sukan yi gamon katar, tunda mu ma mukan ce mutum yana kan aiki ko yana kan hanya, to wannan dacen ne ma ya fi cutarwa, domin shi ke sa yaro ya ƙara sakin jiki da jadawalin Malam. Mu dubi lokaci. Mu da “da” guda ɗaya muke sallamar yini sukutum: da safe, da rana, da yamma, da dare, da ƙarfe biyu, har da damina. Turanci sai ya ce safiya “in”, tsakar rana “at”, yamma ta koma “in”, dare ya sake komawa “at”. Safiyar nan da aka ce “in” ce, da zarar an ce ta Litinin ce sai ta rikiɗe ta zama “on Monday morning”. Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta “in 1991”, kuma “in August”, amma ranar 27 ga watan “on” ce. Da wani ya riƙe ƙarfe nawa aka yi sanarwar, da “at” zai kawo shi. Abu ya faru sau ɗaya tak, ɗan jarrabawa sai ya nemi kalma uku kafin ya ba da labarinsa.

Babbar hujjata ba a Turanci take ba, a bakinmu take. Jadawali ya ce “da” shi ne “with”. To mu gwada. Muna cewa kusa da gida, nesa da gida, daban da nawa, cike da ruwa, na gaji da shi, na saba da shi, ina fushi da shi. “Da” bakwai ke nan, duk iri ɗaya. A Turanci na farko “to” ne, na biyu da na uku “from”, na huɗu da na biyar “of”, na shida ya koma “to”, na bakwai ne kaɗai ya yarda ya zama “with”. Wato ɗalibin da ya bi Malam sau da ƙafa zai ci ɗaya cikin bakwai, wanda ya rufe ido ya yi canki-canka a tambaya mai zaɓi huɗu ma ya fi shi rabo. Kada kuma mu yi saurin cewa Turanci ne ba shi da kan gado, namu ma bai fi shi ba. Wane hankali ne ya sa abin da ya yi maka nisa yake nesa “da” kai, ko ka rabu “da” mutum alhali rabuwa kishiyar zama tare ce? Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya yi bayanin yadda da yawa daga irin waɗannan kalmomi namu sassan jiki ne aka aro: kai ya ba da kan, ciki ya ba da cikin, baya ya ba da bayan, baki ya ba da bakin. Ka samo Baturen da ya zo koyon Hausa ka ba shi jadawali irin namu, ka ce baki na cin tuwo ne, goshi na saman ido, gindi kuma ya san inda yake. Sannan ka aika masa cewa ku haɗu a bakin kasuwa, gindin kanya, goshin magariba. Zai yi ta neman haƙoran kasuwa har a yi isha. In ya tsallake wannan, ranar da ya gaya wa mai masaukinsa cewa shi ya fi son cin abinci a bayan gida saboda inuwa, ranar zai san jadawali ba ya ceto. Babu ɗan Bahaushe ko ɗaya da aka zaunar aka koya wa cewa “nesa” da “da” take tafiya. Tare ya ji su tun yana goye, tare ya haɗiye su.

Akwai wani ramin da jadawali ba ya ko hango shi. Sau da yawa Hausa ba ta sa komai a inda Turanci ke neman kalma. Na je Kano, ina kasuwa, ya tafi gona: babu wani abu tsakanin aikatau da wurin. Alƙiblar ma a jikin aikatau muke ɗaura ta, shi ya sa fita daban fito daban, saya daban sayo daban, sayar kuma wani abu ne can. Sai a sha fama da yaro, da lallashi da bulala, har ya yarda cewa Kano ba a zuwanta sai da “to”. Ran da ya yarda, ya ɗauki “to” ɗinsa da murna ya rubuta “go to home”, sai jan biro ya sauka, wai shi gida ba a sa masa. Ya koyi “go into the room”, ya rubuta “enter into the room”, a ce ya yi ƙari. Ya koyi “arrive in Kano”, ya rubuta “reach in Kano”, a sake cewa ya yi ƙari. Ya ce to bari ya rage, ya rubuta “reply my letter”, a ce ina ka baro “to”? Wanda ya sha irin wannan a mako guda zai kai ga matsayar da yawancinmu muka kai, cewa Turanci mugun hali ne kawai da shi, sai ya koma jefa firifozishin duk inda ya ga fili, ya bar wa Allah sauran.

Ni a ganina firifozishin yaron mota ne. Ba a sanin yaron mota shi kaɗai a tsaye a tasha, da motarsa ake saninsa, kuma ba ka da ikon ɗauke na wannan ka liƙa wa waccan don kawai ka ga sun dace. “Depend” yaronta “on” ne, “listen” nata “to”, “wait” nata “for”. “Accuse” da “charge” da “blame” duk hanya ɗaya suke bi, ta ɗora wa mutum laifi, amma ta farko da “of” take fita, ta biyu da “with”, ta uku da “for”. “Discuss” kuwa direbanta marowaci ne, ba ya ɗaukar yaro sam, duk da haka takardun ofisoshin ƙasar nan ba su fasa cusa masa “about” a bayan mota ba. Wata motar kuma yara ne da ita da yawa, wanda ya hau shi ke faɗin inda za a je: “look at” kallo, “look for” nema, “look after” kula, “look into” bincike. A nan wasa ke ƙarewa, domin kuskuren ba na ado ba ne. In ka jefa dutse “to him”, miƙa masa ka yi. In “at him” ne, sai a caji ofis za a ƙarasa maganar. Matar da aka rubuta mata “married with Audu” maimakon “married to”, an yi wa Audu ƙaramin rashin adalci, domin a Turanci abin da ke biyo bayan “married with” galibi 'ya'ya ne. Ba kuma hanyar kauce musu. Da masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka tara rubuce-rubucen Turanci na shekarar 1961, kalma wajen miliyan ɗaya, suka ƙirga, “of” da “to” da “in” duk sun fito cikin kalmomi shidan da suka fi yawa.

Na san malamin Turanci na gaske zai ce na zuzuta, ai akwai ƙa'ida. Akwai kam, ban kuma ce a jefar da ita ba. “At” na ɗigon wuri ko ɗigon lokaci ne, “on” na shimfiɗa da na rana, “in” na abin da ya kewaye ka da na wata da shekara. Har batun bas ma suna da bayani: wai abin hawan da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa “on” ne, wanda sai dai ka duƙa ka zauna “in” ne. Madalla. Sai dai wanda ya tsara wannan bai taɓa shiga bas daga Kazaure zuwa Kano ba, inda ake zuba mutum huɗu a kujerar mutum uku, ko numfashi sai ka nemi izinin maƙwabci. Bisa ƙa'idarsa wannan bas “in” ce tsantsa, amma mai duba jarrabawa ba zai karɓi uzurin ba. Ƙa'idojin wuri da lokaci darasin mako ɗaya ne ko biyu, a koyar da su a wuce. Ba su ce uffan ba a kan “good at” ko “afraid of” ko “interested in”, kuma irin waɗannan ba su ƙirguwa. In ma ƙa'ida ce ke mulki, me ya hana masu harshen daidaitawa? Mutumin Ingila ya ce “at the weekend”, na Amurka ya ce “on the weekend”. Na Ingila ya ce “write to me”, na Amurka ya yar da “to” ɗin ya ce “write me”, abin da in ɗan Gwiwa ne ya rubuta za a zagaye masa da ja. “Different” ita kaɗai tana tafiya da “from” da “to” da “than”, gwargwadon ƙasar da ka sauka. Wasu dokokin ma mutum ɗaya ne ya wayi gari da su. A 1672 John Dryden ya soki Ben Jonson don ya ƙare jimla da firifozishin, Robert Lowth ya zo a littafin nahawunsa na 1762 ya ce kauce wa hakan ya fi dacewa da rubutu mai nauyi, aka yi ta tsawata wa yara a kai shekara da shekaru, alhali Turawa ba su taɓa daina yi a bakinsu ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin harsuna ba su yanka duniya iri ɗaya ba. Binciken Melissa Bowerman da Soonja Choi ya nuna yaron Koriya tun yana ƙarami abin da ya dame shi shi ne ko abu ya matse ko yana sako-sako: zobe a yatsa, murfi a biro, kaset a gidansa, duk aikatau ɗaya yake ba su, alhali tsaransa na Ingila ya raba su “on” da “in”. Kusa da mu ma, da ka tsallaka iyaka a Babban Mutum, yaran Magarya na can suna shan tasu wahalar da Faransanci: zuwa Zinder “à” ne, zuwa Nijar “au”, zuwa Faransa “en”, wai don Nijar namiji ne Faransa mace. Ban san wanda ya duba ba.

Masu ra'ayi na biyu sun fi burge ni, su ne masu cewa a ƙyale yara, Turancin Nijeriya ma Turanci ne. Suna da hujja. David Jowitt, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero da ta Jos, ya fitar da littafi guda a 1991 a kan yadda 'yan Nijeriya ke sarrafa Turanci, kuma duk wanda ya duba zai ga abin yana da tsari, ba shirme ba ne. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Nijeriya, har da “okada” da “Kannywood” da “next tomorrow”. Gaskiya ma wasu abubuwan namu sun fi na masu shi sauƙi. Mutumin da ya fara cewa “off the light” da “on the gen” ya ɗauki yaron mota ya danƙa masa sitiyari, motar kuma ta tafi lafiya. Da za a tambaye ni, lambar yabo zan ba shi. Sakataren da ya ce maigida “is not on seat” kowa ya gane shi daga Legas har Maigatari, ko da yake wani lokacin maigidan yana ciki yana cin gyaɗa. Amma ina roƙon masu wannan ra'ayi su lura da abu guda: duk cikinsu babu wanda ba ya da kiredit ɗinsa na Turanci a aljihu. Yaron Roni da zai zauna WAEC ko NECO ba ƙamusun Oxford ne zai duba takardarsa ba. A tsarin duba insha'in WAEC akwai maki goma da aka ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskure na cin rabin maki, kuma firifozishin da ya sauka inda ba nasa ba kuskure ne. Ashirin kawai ake nema a share goman nan tas, abin da ɗalibi mai saurin hannu kan kammala kafin ya juya shafi. In babu kiredit a Turanci kuwa, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 sai dai ya riƙa hangen ta daga bakin titi, ko da ya fi kowa lissafi a ajinsu. Ranar da hukumar jarrabawa ta amince da “discuss about”, ni zan fara yin walima. Kafin ranar, wanda ya ce wa ɗan talaka kada ya damu ya ba shi shawarar da ba zai ba ɗansa na cikinsa ba.

Za a kuma ce: ka gama kushe hadda, ga shi haddar ka kawo mana, tunda “depend on” ma haddace ta za a yi. Ban kushe hadda ba, ba ɗan ƙasar nan da zai kushe ta. Abin da ake haddacewa nake magana a kai. Malaman zaure sun daɗe da warware wannan. Almajirin da ya ɗauki Ajurrumiyya, ɗan littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas da ya rasu a 1323, a farko-farko ake jera masa haruffan jarra ya haddace a zama ɗaya. Amma babu malamin da ke ɗaukar an gama. Karatu ake ci gaba da yi, littafi bayan littafi, malam na fassarawa gaɓa-gaɓa, har kunnen almajiri ya san cewa “ragiba” in ta zo da “fi” so ne, in ta zo da “an” ƙi ne. “Da'a” da “lahu” addu'ar alheri ce, da “alaihi” kuwa sai ka nemi tsari. Fi'ili da harafinsa tare ake ba shi, a cikin jimla mai ma'ana, ya kuma yi ta cin karo da su a wurare barkatai. Abin takaicin shi ne yaro ɗaya ne ke zuwa zaure da asuba ya koyi Larabci ta wannan hanya, ya sa yunifom da hantsi ya je a ba shi Turanci a jadawali, sannan a taru a ce kansa ne ba ya ja.

Ƙorafin da ya fi nauyi na kayan aiki ne, kuma ba zan toshe masa kunne ba. Kunne ba ya koyon abin da bai ji ba. Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, 'yan kaɗan ne, kullum suna jin harshen daga bakin masu shi. Ba mamaki da ta fitar da irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda iya maganarsa ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Tun da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a 1976 lissafin ya sauya: aji ya cika ya batse, littafi ya yi ƙaranci, malamin da ke gaban allo shi ma da jadawalin nan aka yaye shi. Yaron Kanya Babba na iya wuni bai ji cikakkiyar jimlar Turanci ba in ba a aji ba, a ajin ma rabi da rabi. Duk na yarda. Amma abin da nake nema bai fi jadawali tsada ba, allin ma ɗaya ne. Kada a sake rubuta “afraid” a allo ita kaɗai, a rubuta “afraid of dogs”. Kada a ba da “arrive” tsirara, a ba da “arrive in Kano” da “arrive at the station”. Malam ya ware minti goma kullum ya karanta wa aji ɗan labari da ƙarfi, ko daga tsohuwar jaridar da aka ƙunso ƙosai ce, yara su maimaita jimlolin da bakinsu har su zauna. Wanda ke shakkar wannan ya leƙa gidan kallo ranar da Arsenal ke wasa da Chelsea. Sharhin cike yake da “on the bench” da “in the box” da “at half-time”, kuma da wuya ka ji tsohon ɗan kallo ya musanya su, ko da bai gama firamare ba. Babu wanda ya zana masa komai. Ya ji su ne mako bayan mako, a lokacin da ransa ke kan abin.

Abin da zai yi wuya shi ne malami ya yarda ya ce babu dalili. A ajinmu wanda ya faɗi haka ana ganin ya kasa, don haka in yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, don Allah me ya sa ake cewa ‘by car’ amma ‘on foot’?” sai a ƙago masa dalili nan take, ko a tambaye shi ko shi ne zai koyar yau. Dalilin da aka ƙaga ya fi rashin dalili illa, domin yaro mai ƙwazo zai ɗauke shi da gaske, ya je ya gwada shi a wani wurin, ya dawo da “by leg”. Amsar da ta dace gajeriya ce: “Yaro, haka masu abin suke faɗa. Rubuta shi yadda yake, gobe ka kawo mini jimla uku da shi.” Masu duba makarantu in sun zo zagaye ba za su so wannan amsa ba, domin ba ta cika ko rabin shafi a littafin shirin darasi. Wannan kuma rigima ce tsakaninsu da hedimasta.